Kamfanonin Intanet da Haƙƙin Mai Saye: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai riƙe da waya yana da hulɗa da kamfanin da ke ba shi intanet, ko ya so ko ya ƙi. Ta layinsu ake tura kuɗi, ake duba sakamakon jarrabawa, ake cinikin atamfa da turaren wuta a WhatsApp, ake jin muryar ɗan'uwan da ya tafi neman arziki Makka ko Libiya. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutane game da ƙarfin waɗannan kamfanoni, da inda suke wuce gona da iri.

Wane iko kamfani yake da shi a kaina, alhali ni ne nake biyansa?

Duk abin da ya fita daga wayarka ko ya shigo cikinta, sai ya ratsa ta na'urorin kamfanin tukuna. Babu wata hanya ta biyu. Saboda haka yana iya sanin shafin da ka nufa, yana iya sa wani shafin ya buɗe nan take wani kuma ya yi ta juyawa har ka gaji, yana iya toshe shi gaba ɗaya, kuma shi ke yanka farashi ya rubuta sharuɗɗa. Kai abin da aka bar maka shi ne ka danna "na amince". Abin da ya fi damuna shi ne yawancin wannan iko ba ya ganuwa. In bidiyo ya ƙi buɗewa, cewa kake yi "yau sabis ba kyau", ba ka da hanyar sanin ko cunkoso ne ko kuwa da gangan aka rage masa gudu.

Mece ce ƙa'idar daidaito a intanet da ake ta faɗa a kanta?

Ƙa'ida ce mai sauƙi: kamfani ya kai maka abin da ka nema ba tare da ya fifita wani shafi a kan wani ba. Kada ya toshe halastaccen shafi, kada ya rage masa gudu, kada ya karɓi kuɗi a hannun wani babban kamfani domin ya ba shi hanya ta musamman. Wani malamin shari'a a Amurka, Tim Wu, shi ya fito da sunan ƙa'idar a 2003, amma tunanin ya girme shi nesa ba kusa ba. In ka biya kuɗin mota daga Kano zuwa Zariya, direba ba shi da hurumin tambayarka gidan wa za ka, balle ya ce masu zuwa wurin abokinsa su zauna gaba, sauran su jira a cika. Aikinsa ya kai ka. Haka ake so kamfanin intanet ya zama.

An taɓa kama wani kamfani yana yin wannan wariyar, ko dai tsoro ne kawai?

An kama, ba sau ɗaya ba. A 2005 wani ƙaramin kamfanin tarho a Amurka, Madison River, ya toshe Vonage, manhajar kira ta intanet, saboda tana janye masa masu kira. Ya biya dala 15,000 ya buɗe. A shekarar dai, a Kanada, kamfanin Telus yana cikin rikici da ma'aikatansa, sai ya toshe wa masu amfani da layinsa wani shafi na magoya bayan ƙungiyar ƙwadagon. Garin toshe wannan shafi guda, ɗaruruwan shafuka da ba su san hawa ba su san sauka ba suka rufe tare da shi, domin na'ura ɗaya ce ke ɗauke da su. A nan ba cunkoso ba ne, ba tsaro ba ne. Kamfani ne ya ga ana faɗin abin da ba ya so, kuma makunnin yana hannunsa.

A 2007 aka gano Comcast, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin intanet na Amurka, yana katse wa mutane musayar fayiloli ta BitTorrent a ɓoye. Da farko ya musanta, sai da kamfanin dillancin labarai na AP ya gwada da kansa ya tabbatar. A 2012 kuma kamfanin waya na AT&T ya hana kiran bidiyo na FaceTime ta layinsa sai ga wanda ya koma wani tsarin biya da kamfanin ya zaɓa, duk da cewa datar mutum ce, ya riga ya biya.

Wanda ya fi tayar da hankali ya faru a 2018 a jihar Kalifoniya. Ana tsakiyar kashe wata babbar gobarar daji, sai kamfanin waya na Verizon ya rage gudun intanet na motar da 'yan kwana-kwanan gundumar Santa Clara ke amfani da ita wajen tsara aiki, ya mayar da shi kashi ɗaya cikin 200 na yadda yake, wai sun wuce ƙa'idar tsarinsu, tsarin da aka sayar musu da sunan mara iyaka. Da suka kira suna roƙo, amsar da suka samu ita ce su koma tsarin da ya ninka kuɗin nasu fiye da sau biyu. Daga baya kamfanin ya ce kuskuren ma'aikata ne, ya ba da haƙuri. Na yarda zai iya zama kuskure. To amma tsarin da ya sa ma'aikaci ya fara tallata sabon farashi ga mutanen da wuta ke ci a gabansu, wa ya gina shi?

Doka ba ta hana ba?

Ya danganta da ƙasa. A Amurka abin ya zama ja-in-ja na siyasa: hukumar sadarwarsu ta FCC ta kafa ƙa'idar a 2015, ta soke ta a Disambar 2017 a ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Ajit Pai, da ƙuri'a 3 da 2, ta dawo da ita a 2024, sannan wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Janairun 2025. Lokacin sokewar 2017 an nemi ra'ayin jama'a, aka samu saƙonni fiye da miliyan 22. Binciken ofishin babban lauyan jihar New York ya gano kusan miliyan 18 na jabu ne, kuma miliyoyi daga ciki sun fito ne daga wani kamfe da kamfanonin intanet suka zuba wa kuɗi. Yanzu wasu jihohi, irin su Kalifoniya, da dokarsu suke aiki.

Tarayyar Turai tana da doka tun 2015. Indiya ma tana da tata mai tsauri. A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idojin aikin intanet a 2019 waɗanda suka hana toshe halastaccen shafi ko rage masa gudu ba bisa dalili ba. Rubutu dai yana nan. Matsalar ita ce talaka ba shi da na'urar da zai auna ya tabbatar an karya shi.

Ina laifin kamfanin da ya ba ni Facebook ko WhatsApp kyauta, ko a farashi mai rahusa?

Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba na raina ta. Wanda ke da naira ɗari biyu a aljihu, tsarin da zai ba shi WhatsApp na mako guda rahama ne a gare shi. Amma a duba abin da ke biyo baya. In Facebook kyauta ne, shafin jaridar garinku kuma sai da data, ina za ka riƙa samun labari? In aka turo maka wata jita-jita da mahaɗin shafin da ya ƙaryata ta, ba za ka iya buɗewa ba, domin datar da ke hannunka ba ta fita wajen manhajar. Yaron da ya ƙirƙiro sabuwar manhaja a Kaduna ko Maraɗi kuwa, ta yaya zai yi gogayya da abin da ake rabawa kyauta?

Indiya ta yi wannan muhawara sosai. Facebook ya kai musu shirinsa na Free Basics, mai buɗe wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, mutane sama da miliyan suka aika wa hukumar sadarwarsu saƙon goyon bayan ƙa'idar daidaito, kuma a Fabrairun 2016 hukumar ta haramta sa wa shafuka farashi daban-daban. Bayan 'yan watanni aka ƙaddamar da shirin a Najeriya tare da Airtel, ba a ji wata hayaniya ba. Ni a ganina, in kamfani da gaske yake son taimakon marasa hali, ya ba su data kaɗan kyauta su shiga inda suka ga dama.

Gaskiya ne suna zuƙe mana data?

A nan sai an yi adalci. Kaso mai yawa na datar da ke ɓacewa wayar ce ke shanye ta: manhajoji suna sabunta kansu cikin dare, hotuna suna hawa rumbun Google, bidiyon TikTok da Facebook suna kunna kansu, kuma waya mai 4G ko 5G tana zaɓar hoto mafi kyau, wanda ya fi cin data. Ga kuma yaran gida da aka ba lambar wayfay aka manta. Shiga saitin wayarka ka duba wace manhaja ce ta fi ci, za ka sha mamaki.

Amma wannan bai wanke kamfani ba. Shi ne mai sayarwa, shi ne mai awo, shi ne mai riƙe da littafin lissafi. In ka ce ba ka yarda ba, lissafinsa za a kawo maka a matsayin hujja. Abin da ya kamata shi ne kowane mai layi ya riƙa ganin dalla-dalla abin da ya ci kullum ba tare da ya roƙa ba, kuma hukuma ta riƙa binciken ma'aunin da kanta tana bayyana sakamakon.

Sai batun ƙarewar wa'adi. Ka sayi gig goma na wata guda, sabis ya yi kwana huɗu ba ya motsi a unguwarku, wata ya cika, ragowar ta tafi sai in ka sake saye cikin 'yan kwanakin da aka ƙayyade. Kwanakin da ba a ba ka sabis ba kuwa, ba wanda ya ce zai rama maka. In kai ka makara, ka yi asara. In su suka gaza, kai ne dai ka yi asara.

Tsarin "mara iyaka" da gaske ba shi da iyaka?

Kusan kullum akwai iyaka, tana ɓoye ne a cikin ƙananan rubutu. In ka kai wani adadi, ba za a katse ka ba, za a dai rage gudun har ya zama ko hoto ba ya buɗewa. A Amurka AT&T ya biya dala miliyan 60 a 2019 kan irin wannan. Kafin ka biya, tambayi abu biyu: a gig nawa ake rage gudu, kuma zuwa nawa ake rage shi?

Me ya sa ake cire mini kuɗi kan abin da ban nema ba?

Waƙar kira, saƙon wasanni, hasashen ƙwallo, "sirrin lafiya": naira ashirin yau, hamsin gobe. Wanda ya fi shan wannan wahala shi ne dattijon da ba ya karanta Turanci, saƙo ya faɗo masa a fuskar waya ya danna don ya kawar da shi, ashe ya yi rajista ke nan. Ya sa katin ɗari biyar don ya kira 'yarsa, da safe ya tarar da saura ɗari uku. NCC ta haramta sa mutum a irin waɗannan tsare-tsare ko sabunta masa ba da izininsa ba. Tura STOP zuwa 2442 domin rufe saƙonnin talla, ka kuma yi wa iyayenka haka a wayoyinsu.

Ai kamfanonin ma suna da uzuri. Ba sa kashe kuɗi?

Suna kashewa, kuma mai yawa. Dubban turakun sabis a Najeriya da man dizal suke aiki dare da rana. Kayan aikinsu da dala ake sayowa. Masu aikin hanya suna yanke musu wayoyin ƙarƙashin ƙasa, ɓarayi suna sace batura, jihohi suna karɓar kuɗin izinin haƙa. Da wannan hujja suka nemi a ninka farashi, NCC kuma ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba a Janairun 2025, bayan fiye da shekara goma ba a taɓa ƙa'idar farashin ba.

Ba na jayayya da cewa dizal ya yi tsada. Tambayata ita ce me aka yi wa mai saye alkawari a madadin ƙarin, kuma wa zai biya shi in ba a cika ba? Ko a makonnin farko, MTN ya ɗaga wani tsarin gig 15 daga naira 2,000 zuwa 6,000, sai da mutane suka yi ca kafin ya fito ya ba da haƙuri. Wannan ya nuna surutun jama'a yana aiki, amma bai kamata a ce sai an yi ihu kafin a bi abin da hukuma ta gindaya ba.

In kamfani ya dame ni, ba sai in canza layi ba?

A takarda haka ne, tun 2013 ana iya komawa wani kamfani da lamba ɗaya. A zahiri manyan kamfanonin huɗu ne kawai, MTN, Airtel, Glo da T2 (wanda a da ake kira 9mobile), kuma MTN shi kaɗai yana riƙe da kusan rabin kasuwar ko fiye. Farashinsu kusan ɗaya ne, sharuɗɗansu kusan ɗaya. A ƙauyuka da yawa layi ɗaya ne ke kamawa, shi ma sai an hau tudu ko an tsaya gindin wata bishiya da kowa ya sani. Mutumin nan ba shi da inda zai koma. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo a 2023, amma kuɗin na'urarsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

In aka katse intanet ko aka toshe shafi, laifin gwamnati ne ko na kamfani?

Gwamnati ke ba da umarni, kamfani ke danna makunni. A ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta sanar da dakatar da Twitter, kwana biyu bayan shafin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Washegari kamfanonin sun toshe, ƙungiyarsu ta ce umarnin NCC suka bi. Sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa doka kuma ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Wato kamfanonin sun yi wata bakwai suna aiwatar da abin da kotu ta ce haramtacce ne, suna kuma karɓar kuɗin data cif-cif.

Maƙwabta ma sun ɗanɗana. Nijar ta katse intanet ɗin waya na kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Kamaru ta rufe intanet a yankunan masu magana da Turanci kimanin wata uku a 2017. A Sudan, bayan kisan masu zaman dirshan a Khartoum a Yunin 2019, an katse intanet a faɗin ƙasar. Wani lauya, Abdul'azim Hassan, ya kai kamfanin Zain kotu a matsayinsa na mai saye, ya yi nasara, aka buɗe masa layinsa shi kaɗai. Bai tsaya nan ba, ya koma kotu, a watan Yuli aka umarci kamfanonin su buɗe wa kowa.

Na san kamfani yana tsoron a ƙwace masa lasisi ko a kama ma'aikatansa. Duk da haka akwai tazara tsakanin bijirewa da saurin miƙa wuya. Yana iya cewa sai an ba shi umarni a rubuce, a nuna masa dokar da aka dogara da ita. Yana iya sanar da masu saye wa ya ba da umarnin da kuma ranar da zai ƙare. Yana iya zuwa kotu da lauyoyinsa, waɗanda suka fi na kowane talaka. Mafi ƙaranci, ya mayar wa mutane datar da ta mutu a hannunsu.

Amma katse layuka a Zamfara ai don tsaro aka yi?

Haka aka ce, kuma mutanen da 'yan bindiga suka addaba da yawa sun yi na'am da farko, don sun san yadda masu ba da rahoto ke amfani da waya. A farkon Satumban 2021 aka rufe sabis a duk faɗin jihar, aka ce na mako biyu, abin ya kai watanni a yankuna da dama. Ƙananan hukumomi 13 a Katsina da 14 a Sakkwato da wasu sassan Kaduna suka biyo baya. Masu POS suka rufe rumfa, kuɗi ya yi wahala, mutum sai ya hau mota zuwa wata jiha kafin ya sanar da 'yan'uwa rasuwa. Ƙauyen da aka kai wa hari cikin dare ba shi da hanyar kiran ɗauki. Bayan an buɗe, hare-hare ba su ƙare ba. Matakin da zai taɓa miliyoyin mutane haka ya kamata ya zo da wa'adi, da sa idon kotu ko majalisa, da bayani daga baya kan abin da aka samu da abin da aka rasa.

Kamfani yana ganin abin da nake yi?

Ba ya iya karanta saƙonninka na WhatsApp, kuma a shafukan da ke da alamar kwaɗo ba ya ganin abin da ka rubuta. Amma ya san sunan shafin, da lokacin da ka shiga, da wanda ka kira, da wurin da kake, domin wayarka kullum tana magana da turken da ya fi kusa. Saƙon tes na yau da kullum kuwa a buɗe yake. Tunda aka haɗa layi da lambar NIN, duk wannan yana rataye da sunanka. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni ajiye irin waɗannan bayanai na shekara biyu. A Amurka an ci manyan kamfanonin waya tarar kusan dala miliyan 200 a 2024 saboda sayar da bayanan wuraren da mutane suke. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka damar tambayar abin da aka ajiye a kanka da wanda aka ba.

VPN zai kare ni?

VPN wani nau'in manhaja ne da ke bi da intanet ɗinka a lulluɓe ta wata na'ura a wani wuri. Zai ɓoye wa kamfani shafukan da kake shiga, zai kuma tsallake toshewa, kamar yadda mutane suka yi lokacin Twitter. Ba zai yi komai ba in an kashe sabis ɗungurungum. Kuma amanar da ka cire daga kamfanin waya, mai VPN ka miƙa wa. Na kyauta da yawa da bayananka suke cin abinci.

Ina zan kai ƙara?

Fara da kamfanin, kuma kada ka ajiye waya sai an ba ka lambar ƙorafi. Ɗauki hoton fuskar wayarka: ragowar data kafin da bayan, saƙon cire kuɗi, rana da lokaci. In ba su warware ba, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne, za su tambaye ka waccan lambar. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, da hukumar kare bayanai ta NDPC in abin ya shafi sirrinka. In matsalar ta unguwa ce gaba ɗaya, ku haɗu ku rubuta takarda guda da sunayenku da lambobinku da ranakun da sabis ya ɗauke, ku kai ofishin NCC na shiyyarku, ku ba wakilinku na majalisa kofi, ku riƙe kofi ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa.